Tsoron Mahadi da Tsoron 'Yan Ta'adda

Kanya Babba gari ne a ƙasar Ɓaɓura, a kan hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Kunya, ta wuce Ɓaɓura da Babban Mutum, sa'an nan ta faɗa ƙasar Damagaram. Mutanen wannan yanki, har da na Kazaure da Roni da Gwiwa, manoma ne da damina, matafiya ne da rani. In an kai amfanin gona gida, wani ya kan ɗauki allo ya nufi gabas neman karatu, wani ya ɗauki buhu ya nufi kudu ci-rani. Duk wanda ya saba da tafiya kuwa ya san yadda a ke duban baƙo sa'ad da gari ya firgita. Saboda haka gardamar da za a yi magana a kanta a nan ta shafe su ƙwarai.

Gardamar kuwa ita ce wannan. Tun ran 11 ga Satumba 2001, da aka kai hari Amurka da jiragen sama, mutum kusan 3,000 suka halaka, duniya ta cika da tsoron 'yan ta'adda. Waɗansu suka ce tsoron nan hankali ne, gama an ga jini da ido. Waɗansu suka ce a'a, tsohuwar ƙiyayya ce ga Musulmi aka sa mata rigar tsoro. Mai karatu ya sani cewa wannan gardama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. An yi ta fiye da shekara 100 da suka wuce, sai dai a lokacin nan ba a ce ɗan ta'adda, Mahadi a ke cewa. Wanda ya bi labarin wancan tsoro daki-daki zai fi gane na yanzu.

Asalin maganar Mahadi

Tun kafin zuwan Turawa mutanen ƙasar nan suna sauraron bayyanar Mahadi, wanda zai cika duniya da adalci bayan ta cika da zalunci. A zamanin jihadi har waɗansu suka zaci Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne shi, amma Shehu ya rubuta a fili ya ce ba shi ba ne. Duk da haka zancen bai mutu ba. Ko yaushe aka sami yunwa, ko haraji ya yi nauyi, sai a ji wani malami ya tashi da jama'arsa ya nufi gabas, wai za su tarye shi. Sarakunan Sakkwato da na Kano ba su son irin wannan ƙaura, domin ta kan kwashe musu talakawa, ta kuma nuna cewa mulkinsu ya ɓaci. A lura da wannan da kyau: waɗanda suka fara tsoron masu da'awar Mahadi a ƙasar nan sarakunan Musulmi ne da malamansu.

A 1881 wani malami mai suna Muhammadu Ahmad ya tashi a Sudan ya ce shi ne Mahadi. A watan Janairu 1885 mutanensa suka ci Hartum, suka kashe Janar Gordon, wanda Turawan Ingila ke ji da shi ƙwarai. Labarin ya girgiza Ingila. Ba su karya daular Mahadi ba sai a 1898, a yaƙin Umdurman. Gwamna Lugga kansa, tun yana saurayin hafsa, ya yi yaƙi da mutanen Mahadi a wajen Sawakin a 1885. Watau Turawan da suka zo Nijeriya ta Arewa sun zo da mikinsu, wanda maciji ya sara kuwa, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Kiran Mahadin Sudan ya iso yamma. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya amsa shi yana zaune a Balda ta ƙasar Adamawa. Ya haɗa kai da Rabe, har ya auri 'yarsa, daga baya suka ɓata, aka kashe shi a 1898. Haka kuma Malam Jibrilla Gaini ya kafa jama'arsa a Burmi, a bakin kogin Gongola.

Da Turawa suka ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira zuwa gabas. Jama'a suka yi ta barin garuruwansu suna binsa, maza da mata da yara, har abin ya tsorata Turawa fiye da yaƙin Sakkwato. Suka bi shi har Burmi. Ran 27 ga Yuli 1903 aka kashe shi a nan tare da mutum fiye da 600, Allah ya jiƙansu. A wajen Turawa kuma Manjo Marsh ya mutu da harbin kibiya. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya wuce da sauran jama'a Sudan, suka kafa gari a bakin kogin Nilu, wanda har yau a ke kira da sunansa. Tun daga ran nan, a idon Turawa da yawa, mai hijira da mai tawaye da mai tafiya hajji duk suka zama abu guda.

Satiru

Satiru ƙauye ne kamar mil 14 kudu da Sakkwato. Mazaunansa talakawa ne da malamai matalauta, da bayi masu yawa waɗanda suka gudu daga rinjin iyayen gijinsu. Ba su son biyan haraji, ba su kuma ga maciji da sarakunan da suka bi Nasara. A 1904 shugabansu ya yi da'awar Mahadi, Sarkin Musulmi Attahiru na biyu ya sa aka kamo shi, ya mutu a tsare. Ɗansa Malam Isa ya gaje shi. Farkon 1906 sai ga wani malami makaho, wanda a ke kira Ɗan Makaho, ya iso daga ƙasar Zabarma, inda ya riga ya ta da tawaye wa Faransawa suka kore shi. Zuwansa ya zuga mutanen Satiru.

Abin da suka fara yi shi ne suka auka wa maƙwabtansu na Tsomau, waɗanda suka ƙi binsu, suka ƙone garin, suka kashe mutane. Mutanen Tsomau Musulmi ne, talakawa ne kamarsu. Ba a cika tunawa da su ba in ana ba da labarin Satiru, alhali kuwa jininsu ne ya fara zuba.

Razdan na Sakkwato, Manjo Burdon, ya riga ya kama hanyar tafiya hutu. Muƙaddashinsa, Mista Hillary, ya tashi ran 14 ga Fabrairu 1906 da mataimakinsa Mista Scott, da Laftana Blackwood da sojan doki, da nufin kama shugabannin. Mutanen Satiru suka fito da fartanya da gatari da kwari da baka. Kafin soja su gama shiri an rufe su, dawaki suka firgita, sahu ya watse. Aka kashe Turawan nan uku da soja 25, aka ƙwace bindiga mai ruwa. Tun da Turawa suka ci ƙasar ba a taɓa yi musu irin wannan ba.

To, a nan babu mai cewa tsoron Turawa zato ne kawai. Su 'yan kaɗan ne a tsakiyar miliyoyin mutanen da suka ci da yaƙi shekara uku kacal da suka wuce. Mafi yawan sojansu kuma suna can kudu, ƙasar Tibi. Da Sarkin Musulmi ya ɗaga hannu ya ce a tashi, da ba a san inda abin zai tsaya ba. Amma bai ɗaga ba. Ya tsare ragowar Turawan da ke Sakkwato, sarakunan Kano da Zazzau da sauransu kuma suka aiko da saƙon goyon baya. Dalilinsu a fili ya ke. Mutanen Satiru sun ɗauke su kafirai, kuma tawayen bayi da talakawa ya fi kusa da wuyansu bisa ga wuyan Bature. Burdon, da ya juyo daga hanya, ya gane haka, domin ya ji Hausa, ya san mutanen da sunansu. Ya dogara ga Sarkin Musulmi, bai kuwa ji kunya ba.

Ran 10 ga Maris soja fiye da 500 suka isa Satiru, tare da dawakin Sakkwato. Mutanen garin suka yi ta zuwa a guje cikin harsashi, ba su da bindiga. An ƙiyasta waɗanda aka kashe ran nan, da waɗanda aka bi cikin daji aka ƙarasa, sun kai 2,000. Mata da yara kamar 3,000 aka kwashe aka rarraba. Aka rushe garin, Sarkin Musulmi ya la'anci duk wanda ya sake gini ko noma a wurin. Malam Isa ya riga ya mutu da raunin da ya samu a karon farko. Ɗan Makaho kuwa aka yi masa shari'a aka kashe shi a kasuwar Sakkwato. Ko a London abin ya dami waɗansu. Winston Churchill, wanda a lokacin ƙaramin minista ne a ofishin mulkin mallaka, ya rubuta yana tambaya yadda za a kira wannan yaƙi, tun da waɗanda aka ƙarar ba su da makamin kirki.

Daga nan ne tsoro ya fara wuce gona da iri. Ya bar tambayar wa ya yi, ya koma tambayar wa zai iya yi. A cikin shekarar nan aka tuɓe Sarkin Gwandu, bisa zargin ya yi wa Satiru alkawarin taimako. Aka tuɓe Sarkin Katsina Yero, aka naɗa Durɓi Muhammadu Dikko. Haɗejiya kuwa, wadda ba ta da wata alaƙa da Satiru sai dai ƙin sunkuyar da kai, Lugga ya ga ga soja a tare, ya aika mata da sharuɗɗa. Sarki Muhammadu ya ƙi. Ran 25 ga Afrilu 1906 aka shiga garin da yaƙi, aka kashe shi da 'ya'yansa da manyan jarumawansa, shi ya sa mutanen Haɗejiya ke kiransa Mai Shahada.

Akwai kuma wani abu da tsoro ya rufe wa Turawa ido a kansa. Sun karanta Satiru a kan zafin addini kaɗai, domin shi suka sani daga Sudan. Maganar haraji da maganar bayin da ba su son komawa bauta, waɗanda su ne suka cika garin da mutane, ba a tsaya a kansu sosai ba. Wanda ya ce addinin mutane ne ke sa su tawaye ya huta da binciken abin da ke cin su.

Malam Sa'idu ɗan Hayatu

A Nuwamba 1914, da Yaƙin Duniya na Farko ya tashi, Sarkin Istambul ya yi kiran jihadi a kan Ingila da Faransa. Turawa suka zuba ido su ga abin da Musulmin Nijeriya ta Arewa za su yi. Sarakuna suka ba da gudunmawar kuɗi daga baitulmali, 'ya'yan talakawa suka shiga soja suka yi yaƙi a Kamaru da Afirka ta Gabas. A arewa ne wuta ta kama. A Disamba 1916 Kawusan, shugaban Buzaye mai bin ɗariƙar Sanusiyya, ya kewaye barikin Faransawa a Agadas, ba a kore shi ba sai a Maris 1917. Da Faransawa suka koma garin, suka kashe malamai da yawa waɗanda ba su ɗauki makami ba. Rawani da tasbaha sun isa shaida a ran nan.

Bayan yaƙi sai hankalin Turawan Ingila ya koma kan mutum guda, Malam Sa'idu, ɗan Hayatun nan da aka ambata. Ya zauna a Dumbulwa ta ƙasar Fika, yana noma yana karantarwa, jama'a suna ta taruwa wurinsa. Lalle mabiyin Mahadiyya ne, bai ɓoye ba, kuma yana musayar wasiƙa da Sayyid Abdurrahman, ɗan Mahadin Sudan. Razdan na Barno a lokacin shi ne Mista Palmer, wanda ya yi aiki a Katsina zamanin da aka tuɓe Yero. Mutum ne mai ilmi, mai son tarihi, amma ya gaskata cewa akwai wata igiya guda da ta taso daga Masar da Sudan, ta ratsa Wadai da Barno, wadda in aka ja ta ƙasar duka za ta tashi. Waɗansu sarakuna ma ba su so zaman Malam Sa'idu ba, gama jinin Bello ne, jama'arsa kuwa kullum ƙaruwa ta ke yi.

A 1923 aka kama shi, aka watsa Dumbulwa. Aka kai shi Buea ta ƙasar Kamaru, wuri mai sanyi da ruwan sama a gindin dutse, inda ba a jin harshensa, ya yi fiye da shekara 20 a can. Daga baya aka dawo da shi Kano, amma a tsare, ba a sake shi sarai ba sai a 1959. Shekara 36 ke nan. Ba a taɓa nuna ya harba kibiya ko ɗaya ba. Ya rasu a Kano a 1978.

Abin mamaki a nan shi ne yadda Turawan nan guda suka yi da Sayyid Abdurrahman kansa a Sudan, watau mutumin da aka tsare Malam Sa'idu saboda rubuta masa wasiƙa. A 1919 sun kai shi London cikin manyan Sudan, ya miƙa wa Sarki George na biyar takobin ubansa, Sarki ya mayar masa. Suka bar shi ya yi noman auduga a tsibirin Aba har ya zama babban attajiri, a 1926 kuma suka ba shi lambar girma. Turawan Hartum sun san shi, suna shan shayi tare, sun san abin da ya ke so da abin da zai iya. Turawan Kaduna kuwa sunansa kaɗai suka sani, da na ubansa.

A 1925 gwamnati ta aiki Mista Lethem ya bi hanyar alhazai ta Sudan har Masar da Jidda, ya ga abin da 'yan Nijeriya ke yi a can. Rahotonsa da na Mista Tomlinson an buga su a 1927. Mutanen da ya tarar a hanya, waɗanda Larabawa ke kira Takari ko Fallata, galibinsu talakawa ne masu tafiya a ƙasa, su yi ƙodago a gonakin auduga shekara ɗaya ko biyu, su tara guzuri su ƙara gaba. Akwai mabiyan Mahadiyya a cikinsu, ba shakka. Amma dokar da ta biyo baya ba ta ware su ba, ta hau kan kowa: sai da fasfo, sai da ajiyar kuɗi, sai ta hanyar da aka yarda. Malami baƙo in ya sauka a gari, dagaci ya kai labarinsa wurin hakimi, hakimi ya kai gaba. Sarkin Katsina Dikko ya yi hajji a jirgin ruwa a 1921, har ya biya ta Ingila aka karɓe shi da girma. Talakan da ya taso daga ƙauyukan Kazaure ko Ɓaɓura da sandarsa da gorarsa, shi ne abin tuhuma.

Kada a ce babu kome sam. A 1927 waɗansu 'yan mutane sun auka wa barikin Faransawa a Tasawa, tsakanin Maraɗi da Damagaram, aka yi asarar rai. Irin wannan ya kan faru jefi-jefi, ya kuma ba masu tsoro abin kafa hujja. Amma babban tawayen Mahadi da aka yi shekara da shekaru ana jira a Nijeriya ta Arewa bai zo ba, har Turawa suka sauka a 1960.

Zamanin bama-bamai

Bayan mulkin kai abin tsoro ya sake suna. A Disamba 1980 mutanen Muhammadu Marwa, wanda a ke kira Maitatsine, suka yi faɗa da 'yan sanda da soja a 'Yan Awaki cikin Kano. Kwamitin binciken gwamnati ya ƙidaya mutum 4,177 da suka mutu. Tun a 1962 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya kore shi daga ƙasar saboda wa'azinsa, watau a nan ma masu rawani ne suka fara ganin hatsarin. Bayan faɗan kuwa gardi mai allo da buzu ya sha kallon banza a birni, ko da bai taɓa jin wa'azin Maitatsine ba.

Sa'an nan Boko Haram ta ɓarke a Maiduguri a Yuli 2009. Wanda ya ce tsoronta ƙiyayya ce ga Musulmi, sai ya je ya faɗa wa mutanen Kano. Ran 20 ga Janairu 2012 an kashe mutum kamar 185 a birnin cikin yini guda. A Janairu 2013 aka buɗe wa motar Sarkin Kano Ado Bayero wuta, dogaransa suka tare harsashi da jikinsu. A Mayu 2014 aka kashe Sarkin Gwoza a hanya. Ran 28 ga Nuwamba 2014 aka ta da bam a Babban Masallacin Kano ana shirin sallar Juma'a, aka bi masu gudu da harbi, mutum fiye da 100 suka rasu. Kiristoci su ma sun sha nasu: majami'ar Madalla ran Kirsimeti na 2011, masu ibada a Jami'ar Bayero a Afrilu 2012, tashar manyan motoci ta Sabon Gari a Maris 2013. Mai sayar da kayan mota da ya kai gawar ɗan'uwansa Anaca daga Kano, in ya ji tsoro, ba ƙarya ya yi ba. Labarin Tsomau ne ya dawo: masu kisa da sunan addini sun fi kashe na kusa da su, na nesa kuma ya ji labari ya yi wa na kusa duka kuɗin goro.

Ga yadda kuɗin goron ya kan kasance. A Satumba 2013 jami'an tsaro suka shiga wani kango a unguwar Apo ta Abuja da dare, bisa labarin cewa akwai makaman Boko Haram a ciki. Suka yi harbi, mutum 8 suka mutu, 11 suka yi rauni. Galibinsu 'yan ci-rani ne daga arewa, masu tuƙa keke mai ƙafa uku, suna kwana a wurin don ba su da kuɗin haya. A Afrilu 2014 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa ta ce ba a nuna su 'yan Boko Haram ba ne, ta umarci gwamnati ta biya Naira miliyan 10 a kan kowane mamaci, miliyan 5 a kan kowane mai rauni.

A Yuni 2014 kuma soja suka tare ƙananan motocin haya fiye da 30 a Jihar Abiya, a kan hanyar Fatakwal, suka tsare mutum 486, har da mata. Da yawa daga cikinsu mutanen Jigawa ne masu zuwa neman abin kai wa bakin salati. A duba lokacin da kyau. Wata biyu ke nan da tashin bam a tashar Nyanya, da kuma sace 'yan mata 276 a Chibok. Sojan da ya ga jerin motoci da tsakar dare cike da samari, in ya tsayar da su ya bincika, aikinsa ya yi, ba mai zarginsa. Inda abin ya karkace shi ne kafin a tambayi ko mutum ɗaya sunansa da garinsu, jaridu sun riga sun buga cewa an kama 'yan Boko Haram 486. Soja suka ce sun sami mutum guda da su ke nema a ciki. Sauran aka riƙa sakinsu daga baya, ba tare da amo irin na ranar kamu ba.

A ƙasashen Turai da Amurka ma haka abin ya ke tafiya. A 1995, da aka ta da bam a birnin Oklahoma mutum 168 suka mutu, da farko Larabawa aka zarga, ashe wani Ba'amurke ne tsohon soja. A 2011 wani Bature ya kashe mutum 77 a Norway, a 2019 wani ya kashe masallata 51 a Christchurch ta New Zealand. Ba a tsare farar fata a filin jirgi saboda su ba. Amma a Disamba 2009, da wani saurayi ɗan Nijeriya, Umar Faruk Abdulmutallab, ya yi ƙoƙarin ta da bam a jirgin da ke sauka Detroit, nan da nan aka sa Nijeriya duka cikin jerin ƙasashe 14 da za a tsananta wa bincike. Ga shi kuwa mahaifin yaron, dattijo Musulmi mutumin Funtuwa, shi ne ya je ofishin jakadancin Amurka da ƙafarsa, makonni kafin abin, ya ce a lura da ɗansa. An karɓi maganarsa an ajiye.

In aka jera waɗannan labarai, daga Satiru zuwa yau, za a ga masu gardamar nan biyu kowa ya riƙe rabin gaskiya. Tsoron yana da tushe, ba ƙirƙira ba ne, Musulmi kuwa sun fi kowa jinsa, tun da su ne a bakin wuta. Ƙiyayya ba ita ke haifar da shi ba, amma ta kan same shi a hanya ta hau, ta nuna masa wanda zai kama. Burdon da Palmer duk sun ji tsoro. Na farko ya tambayi wane ne ya yi, wane ne bai yi ba, domin yana da mutanen da zai tambaya. Na biyu ya dubi taswira ya ja layi daga Alƙahira zuwa Fika. Sarkin Musulmi Attahiru na biyu, da Sarkin Kano Sanusi, da dattijon Funtuwa, babu mai cewa suna ƙin Musulmi, kowannensu kuwa ya nuna mutum guda da yatsa ya ce ga inda hatsari ya ke. Jaridar da ta ce 486 ba ta san ko ɗaya ba.

Wanda kan biya bashin kuwa kusan kullum matafiyi ne, mai hijira ko alhaji ko almajiri ko ɗan ci-rani, domin shi ne ba shi da mai shaidarsa a inda ya tsaya. A ƙarshen Maris 2025, cikin azumi, waɗansu mafarauta mutanen Jihar Kano suka taso daga Fatakwal a bayan babbar mota za su gida sallah. A Uromi ta Jihar Edo 'yan sintiri suka tare motar. Mutanen yankin sun daɗe suna fama da masu satar mutane a gonakinsu, ba su kuma manta da kisan masu ibada kamar 40 a majami'ar Owo a Yuni 2022 ba. Da aka ga bindigogin farauta a motar sai aka yi kururuwa, jama'a suka taru. Ba a kai su wurin 'yan sanda ba. Aka kashe mutum 16, aka ƙone su. Bayan 'yan kwanaki Gwamnan Edo ya zo Kano ta'aziyya, aka raka shi har Torankawa ta ƙasar Bunkure, garin da waɗansunsu suka fito, inda ya tarar da iyalansu.